Fileksibul: Wa Ake So Ya Lanƙwasa?

Wata Laraba da safe ina tsakiyar shirina na Hausa a gidan rediyon da nake aiki a Kumasi, sai aka miƙo mini takardar talla in karanta. Wani shagon sayar da kayan waya ne a Adum yake neman matasa biyu. Da Turanci aka rubuto ta kamar yadda aka saba, ni kuma aikina in juya ta zuwa Hausa nan take, makirufo a buɗe. Na faɗi shekarun da ake so, na faɗi irin takardar makarantar da za a zo da ita, da na iso layin ƙarshe sai na karanta shi yadda ya zo: wajibi ne mai neman aikin ya zama “flexible”. Na wuce abina.

Ba a yi minti biyar ba waya ta yi ƙara. Wani dattijo ne daga Aboabo, cikin masu kiran shirin a kai a kai. Bayan mun gaisa ya ce, “’Yata, jikana ne zai je neman aikin nan. Mene ne fileksibul ɗin da kika ce? Wata takarda ce ake zuwa da ita?” Na yi dariya na ce, “A’a Baba, ana nufin ya zama mai sauƙin kai.” Ya ce, “To madalla, yaron akwai sauƙin kai. Shi mai shagon fa, yana da shi?” Na ce lokaci ya ƙure, na yi masa godiya, na sa kiɗa.

Shekara biyu ke nan, har yau in na tuna kiran sai kunya ta kama ni. Na yi difloma a aikin jarida, kuma abin da aka fara cusa mana shi ne kada ka furta wa mai sauraro maganar da kai kanka ba ka tantance ba. Ga shi kuwa kusan kullum ina watsa kalma guda a iska, a talla, a labarai, a hira da baƙi, ban taɓa tsayawa na tambayi me take ɗauke da shi ba. Wannan rubutu na abokan aikina ne masu gabatar da shirye-shiryen Hausa daga Akra har Tamale, da masu fassara labarai, da duk wanda ke jefa kalmar nan cikin zance don a san ya yi boko. Abin da nake tuhumar mu da shi, har da ni, shi ne muna taya masu ƙarfi binne tambayar da dattijon nan ya yi, alhali ita ce tambayar da ta kamata talaka ya fara yi kafin ya amince da kowace yarjejeniya: wa ake so ya lanƙwasa?

A Turanci ma’anar kalmar ba ta da wuya. Tushenta harshen Latin ne, daga fi’ilin “flectere”, wato lanƙwasawa. Faransanci ma yana da ita da rubutu iri ɗaya, shi ya sa ’yan uwanmu na Nijar da Togo ba baƙuwarsu ba ce, lafazi ne kawai ya bambanta. Ma’anarta ta farko ta abu ce: ɗanyen reshe, bulala, tiyo na roba, jikin ɗan wasan da ke iya kai goshinsa gwiwa. Abin da zai tanƙwaru bai karye ba. Daga nan aka ara wa mutum, wanda ke iya sauya shiri idan hali ya sauya, aka kuma ara wa tsari, wanda za a iya yi wa gyara ba sai an rushe shi ba. Akwai ma’ana ta uku da manyan ƙamusoshin Turanci ba su ɓoye ba, wato mutumin da ake iya juyawa yadda aka ga dama. Kalmar da Turawa ke kiran durƙusawa a kan gwiwa a wurin ibada ma daga wannan tushe ta fito. Ashe kalma guda ce take ɗauke da yabo da kuma raini, ya danganta da wanda ya furta ta da wanda aka furta wa.

In ka tambayi ɗan rediyo me ya hana shi fassara ta, amsar da za ka ji ita ce wai Hausa ba ta da kalmar. Na sha jin wannan a ɗakin labarai, ni ma na taɓa faɗa. Lalaci ne kawai. Hausa tana da kalmomin da suka fi ƙarfin buƙatar. Idan abu ne, mu ce yana lanƙwasuwa, ko yana tanƙwaruwa, ko yana da danƙo idan irin wanda ke miƙuwa ya koma ne. Idan hali ne na kirki, mu ce sauƙin kai. Idan mai iko ne ya rage tsanani, mu ce ya yi sassauci. Idan farashi ne, rangwame. Idan mai bin bashi ne ya ƙara maka lokaci, ya ɗaga maka ƙafa. Idan kuma mutum ne da ba shi da tsayayyar magana, duk inda aka ja shi nan zai bi, muna da sunayensa: raƙumi da akala, ɗan amshin Shata. Wace kalma ce ta rage da za a ce sai an aro?

Abin da ke akwai shi ne kowace daga cikin kalmomin nan tana tilasta maka ka fito fili. Ba a yin sassauci a iska. Wani ne ke sassauta wa wani, kuma duk mai jin Hausa ya san daga sama yake gangarowa: uba ya sassauta wa ɗa, alƙali ya sassauta wa mai laifi, mai gida ya sassauta wa ɗan haya. Ɗaga ƙafa ma haka, mai bi ne ke ɗaga wa wanda ake bi. Lanƙwasawa kuwa akwai hannun da ke yi, akwai abin da ake yi wa. Da zarar ka zaɓi ɗaya, mai sauraro ya gane wa ke sama, wa ke ƙasa, wa zai amfana. Ita kuwa ta Turancin, yadda muke jefa ta cikin Hausa, shafaffiya ce. Kowa ya ji ta sai ya ɗauka alherin nasa ne.

Mu gwada da tallar shagon nan. Da na ce “za a sassauta wa ma’aikaci lokacin zuwa da na tashi”, da mai shagon ya kira ya ce ba haka ya rubuto ba. Da na ce “ana son wanda zai zo duk lokacin da aka kira shi, ya kuma tashi sai lokacin da aka sallame shi”, da ya kira ya ce na ɓata masa talla, ko da yake abin da yake nufi ke nan. Saboda haka barin kalmar da Turanci ya yi wa mai shago daɗi, ya yi wa gidan rediyo daɗi tun da an biya kuɗin talla, ni ma ya hutar da ni. Yaron da zai je aikin ne kaɗai aka bari a duhu.

Abin takaicin shi ne a inda wannan magana ta samo asali a fagen aiki, ma’aikaci aka nufa da sauƙin. A ƙarshen shekarun 1960 wani kamfanin ƙera jiragen sama kusa da birnin Munik a Jamus ya ga ma’aikatansa na cunkushewa a hanya safe da yamma, tun da kowa lokaci ɗaya yake shiga, lokaci ɗaya yake fita. Sai aka ware wasu awoyi na tsakiyar rana da dole kowa ya kasance a wurin, sauran kuma aka bar wa ma’aikaci ya zaɓi lokacin da zai zo da lokacin da zai tashi, muddin ya cika awoyinsa. Tsarin ya bazu a Turai. A Birtaniya har doka aka yi, wadda ta fara aiki a 2003, ta ba iyayen ƙananan yara ’yancin neman a sauya musu lokacin aiki. A 2014 aka faɗaɗa ta ga duk ma’aikacin da ya yi mako 26 a wurin aiki, daga Afrilun 2024 kuma tun ranar da mutum ya kama aiki zai iya nema. Mai kamfani yana iya ƙi, amma sai ya kawo dalili daga cikin waɗanda doka ta lissafa. A wannan tsari, ofis ne ke lanƙwasawa don ma’aikaciya ta kai ɗanta makaranta.

Kada a ɗauka ina wanke Turawa. A Birtaniyar nan dai akwai kwantiragin da ba a yi wa ma’aikaci alkawarin ko awa ɗaya a mako, sai ranar da aka neme shi, kuma da wannan kalma ake kare shi. Kamfanin Uber ya daɗe yana cewa direbobinsa masu zaman kansu ne, tun da su ke zaɓar lokacin da za su fito. A Fabrairun 2021 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa direbobin da suka kai ƙara ma’aikata ne, suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya, domin kamfanin ne ke yanke kuɗin tafiya, shi ke tsara sharuɗɗa, shi ke sa ido a kan aikinsu. Wato alƙalan ba su tsaya ga daɗin kalmar ba, sun bi sawu sun ga wanda akalar ke hannunsa. Tambayar dattijon Aboabo suka yi, sai dai su da rigar shari’a.

Mu a nan, rabin na biyu kawai ya iso mana. Ni shaida ce. A gidan rediyon da na fara aiki, a wani gari da ba sai na ambata ba, ranar da aka ɗauke ni na tambayi takardar kama aiki. Manaja ya ce, “Ke yarinya ce, kin shigo ke nan. A wannan sana’a sai kin zama fileksibul.” Na ji daɗi ma, na ɗauka yabo ne. Shekara uku na yi babu takarda. Ana iya kirana da ƙarfe huɗu na asuba in maye gurbin wanda bai zo ba. Ana iya ɗauke shirina daga yamma a mai da shi dare, in ji a bakin mai gadi. Albashi yakan zo ƙarshen wata, yakan zo tsakiyar wata mai zuwa, yakan zo rabi da alkawarin cikon sai masu talla sun biya. Ranar da ɗana ya kwanta asibiti na roƙi a musanya mini lokaci da abokin aikina na mako guda, wanda shi ma ya yarda, sai manajan nan ya nuna mini jadawalin da ke manne a bango ya ce ba a taɓa shi. A ranar na gane cewa shekara uku ni kaɗai nake lanƙwasawa a gidan.

Kuma ba don babu doka ba. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta ce a sashe na 33 lokacin aiki kada ya wuce awa 8 a rana ko awa 40 a mako, in ban da wasu ayyuka da ta keɓe. Sashe na 12 ya ce duk aikin da zai kai wata shida ko fiye sai an rubuta kwantiraginsa. Sashe na 75 ya ce ma’aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun mai gida ɗaya, a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Akwai kuma hutun shekara da bai gaza kwana 15 na aiki ba. Matasa nawa ne a Asawase ko Nima suka taɓa jin wannan da Hausa? Mun fi ƙwarewa wajen karanta musu tallar da ke rushe waɗannan haƙƙoƙi da kalma ɗaya fiye da karanta musu dokar da ta ba su. Ni kaina sai da na bar wancan gida na buɗe dokar na karanta.

Daga wurin aiki sai mu shiga ɗakin labarai, inda kalmar ke yin ɓarna mafi girma saboda a nan kuɗin kowa take taɓawa. A Mayun 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince zai ba Gana rancen kimanin dala biliyan 3, kuma cikin abubuwan da sanarwarsa ta ambata akwai barin farashin canjin sidi ya zama “flexible”. Na saurari yadda aka fassara wannan a shirye-shiryen Hausa daban-daban. Wasu sun bar ta da Turanci. Wasu sun ce za a “sassauta” farashin canji. Ka yi tunanin mai sayar da koko da ƙosai a bakin titi ta ji an ce za a sassauta farashin dala. Me za ta fahimta in ba dala za ta yi sauƙi ba? Alhali abin da ake nufi shi ne babban banki ya rage tare wa sidi faɗa, ya bar kasuwa ta yanke masa daraja, ko sama ko ƙasa. Fassarar gaskiya ita ce a sakar wa kuɗi mara, kasuwa ta yi masa farashi. Wannan ita ce Hausar da mai koko za ta ji ta san ta shirya.

Ai ba yau muka fara ba. Tun 1978 gwamnati ta ɗaure sidi a kan 2.75 kowace dala, har zuwa 1983 da gwamnatin Rawlings ta shiga shirin farfaɗo da tattalin arziki tare da asusun nan da Bankin Duniya. Kafin shekarar ta ƙare dala ta koma sidi 30. A 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, a 1988 aka ba da izinin buɗe shagunan canji. Aka yi ta tafiya har 2007, lokacin da aka cire sifiri huɗu, tsohon sidi dubu goma ya zama sabon sidi ɗaya, wanda a lokacin ya ɗan fi dala daraja. A farkon 2022 dala tana wajen sidi 6, zuwa Nuwamba ta haura 13, hauhawar farashin kaya kuma ya kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Duk wanda ya yi cefane a Kejetia a wannan shekara ba ya buƙatar a yi masa bayanin alƙaluma.

Ku je kasuwar albasa ta Kwadaso ku ga yadda abin yake a ƙasa. Albasar da ake saukewa a can da yawanta daga Nijar take zuwa, daga yankin Galmi da kewaye, kuma da Hausa ake cinikin mai yawa. Ɗan kasuwa yana saye da sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan 655.957, ba ta motsi. Yana sayarwa da sidi, wanda aka sake. Idan sidi ya faɗi tsakanin ranar da ya sauke kaya da ranar da ya gama tara kuɗinsa a hannun masu sari, to ribar ta narke a hanya, wani lokaci har da uwar kuɗi. Zuwa na gaba dole ya ƙara farashi, mai sari ta ƙara, mai wake da shinkafa ta rage albasar da take yankawa. Wannan shi ne fileksibul idan ya sauko daga takardar sanarwa ya shiga tukunya.

Na san masana tattalin arziki za su ce ɗaure kuɗi da ƙarfin tsiya ya fi muni, kuma tarihi yana bayansu. Lokacin da takarda ke cewa 2.75, ba mai samun dala a haka sai mai uwa a gindin murhu, sauran jama’a sai kasuwar bayan fage, shaguna kuma wayam. Iyayenmu suna ba da labarin zamanin kalabule har gobe. Ban zo in yi musu da wannan ba. Rigimata da mai fassara ce. Idan magani mai ɗaci ne, a ce wa mara lafiya mai ɗaci ne, ya sha da saninsa. Wanda ya kira shi sassauci ya yaudari mai sauraro, ko da bai yi niyya ba.

Wuri na uku da kalmar ta yi gida shi ne tallar bashi. Wayar hannu, babur, firiji, fili, duk yanzu da biya “flexible” ake tallata su, mu kuma mu ɗauka da murya mai zaƙi mu ce biya cikin sauƙi. Ka ba da kafin alƙalami kaɗan, ka tafi da waya, kana biya kullum ko mako-mako ta wayar kanta. Ba ma faɗin cewa idan aka tara kuɗin gaba ɗaya ya fi farashin saye hannu da hannu nesa ba kusa ba. Ba ma faɗin cewa a irin wannan ciniki akwai wanda ranar da ka makara wayar za ta kulle kanta, ko da da ita kake neman abin da za ka biya. Wane sassauci ne ke rufe maka waya saboda lattin kwana ɗaya? Sunan wannan ciniki a Hausa biya kaɗan-kaɗan, kuma duk Bahaushe ya san wanda ya sayi abu kaɗan-kaɗan da tsada ya saya. Da mun kira shi da sunansa, mai sauraro da kansa zai tambayi jimilla.

Akwai masu cewa ina tsaurarawa, harshe ai da aro yake girma. Gaskiya ne. Mota, rediyo, asibiti, tebur, duk aro ne, kuma ba wanda ya isa ya kore su. Mu Hausawan zango ma mun fi kowa aro, a jimla ɗaya za ka ji Turanci da Tuwi sun shigo sun fita, mu ma mun ba su namu, tun da waakye da ake layi a kansa a Akra daga wake ya samo suna. Amma ka lura da irin abin da waɗancan kalmomi suke yi. Mota suna ce ta abin da kowa ke gani, ba mai ruɗewa a kanta. Wannan kuwa sharaɗi ce a cikin yarjejeniya tsakanin mai ƙarfi da mara ƙarfi, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ya san iyakarta. Aron da zai sa a fahimci juna ina maraba da shi. Wanda zai sa mutum ya ce “na yarda” bai san da me ya yarda ba, shi nake yaƙi da shi. Samarinmu ma sun fi mu gaskiya da tushen kalmar: in suka ce wane yana “fileks”, kowa ya san nuna isa ake nufi, kamar mai lanƙwasa hannu ya nuna ƙwanji.

Wasu kuma za su ce, to ke so kike kowa ya zama sandararre? A ƙasar da aiki ya yi ƙaranci, yaron da ya tsaya yana lissafin awa ai wani za a ɗauka. Na ji wannan, kuma ban ce kowa ya zama busasshen icce ba. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, zango kuwa da sauƙin kai ya rayu tun zamanin fataken goro. Ku dubi yadda ake yi a kasuwa. Mai sari ta ba ’yar tireda kaya bashi, ranar biya ta zo an yi mata rasuwa, sai a ɗaga mata ƙafa zuwa kasuwa mai zuwa. Wata rana mai sarin ce kayanta suka maƙale a hanya, ’yar tiredar ta jira ta, ba ta koma wurin wani ba. Masu adashi sukan musanya kwasa idan haihuwa ta zo wa ɗaya ba shiri. Babu wanda ya taɓa kiran wannan da Turanci, kuma shi ne ainihin abin da kalmar ke nufi a ma’anarta mai kyau: yau ni na lanƙwasa, gobe ke. Ɗanyen reshe ma da ake misali da shi, ana sakinsa ya miƙe. Wanda aka danne shekara uku ba a saki ba ya riga ya zama baka.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma na fara da kaina. Kalmar nan ba ta ƙara fita daga bakina a iska ba tare da fassara ba. Idan talla ta zo da ita, kafin shiri nakan kira mai tallar in tambaye shi: lokacin aikin wa ke zaɓa, kai ko ma’aikaci? Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa? In ya wuce haka akwai ƙarin kuɗi? Idan bashi ne, nawa ne jimilla, me ke faruwa ranar da aka makara? Abin da ya faɗa shi nake karantawa da Hausa. Wasu sun amsa ba gardama, har wata mai ɗinki a unguwarmu ta ce in faɗa a fili cewa mai shayarwa za ta iya zuwa da goyonta ta tashi da la’asar, na kuwa faɗa da farin ciki, don wannan sassauci ne na gaske. Wasu sun janye tallarsu sun kai wani gida. Sashen kasuwanci bai ji daɗina ba, an kira ni ofis sau biyu. Na ce musu dattawan da ke kiran shirin nan da sunana suke kira, kuma ni za su tare a wurin suna ko jana’iza idan abin ya ɓaci.

Ga editoci kuma, a zauna a yi matsaya a kan fassarar irin waɗannan kalmomi na tattalin arziki, a daina barin kowane mai karanta labarai ya ƙirƙiro tasa a gaban makirufo. Ga malaman da ke koyar da aikin jarida, a riƙa ba ɗalibai sanarwar banki da tallar neman ma’aikata su fassara, a ga wanda zai iya fitar da mai yi da wanda ake yi wa. Ga matasa masu neman aiki, in an ce ka zama fileksibul, ba rashin kunya ba ne ka ce, “Ranka ya daɗe, a yi mini bayani, ta wace fuska?” Wanda ke da niyyar kirki zai amsa.

Dattijon Aboabo ya sake kira bayan kamar wata huɗu. Ya ce yaron ya samu aikin, yana fita bakwai na safe ya dawo tara na dare, har Lahadi, albashin kuma kowane wata da yadda yake zuwa. Ya ce ya nemi izinin rabin yini ya raka kakarsa asibiti an hana shi. Bai zarge ni ba, cewa kawai ya yi, “’Yata, ashe fassarar da kika ba ni rabi ce.” Na ce, “Haka ne Baba, ku yafe ni.” Washegari na karanta sashe na 33 da na 12 da na 75 a cikin shirin, da Hausa, sau biyu, na kuma roƙe shi ya sa yaron ya rubuta lambobin ya ajiye a aljihu.